Ginin Kawu

Ina cikin shekarata ta huɗu da riƙe lakwal ɗin wani ƙauye a gabashin tafkin Gidimuni aka zo mana da albishir cewa za a gina mana azuzuwa uku na siminti. Ni ce diraktiris, shugabar makarantar ke nan, kuma ni nake koyar da manyan yara masu shirin jarrabawar fita. Malamai huɗu ne tare da ni. Ajinmu biyar, saboda akwai shekarar da ba a ɗauki sababbin yara ba. Biyu daga ciki ginin ƙasa ne da aka yi wa shafen siminti tun ban san zan zama malama ba. Sauran ukun rumfunan zana ne. Bayan girbi iyaye suke kafa su da karan gero da azarar dabino, sai an yi ta bin su gida-gida kafin a gama, kuma kafin damina ta kewayo rumfunan sun riga sun fara sunkuyawa.

Zafin rumfa da duhunta ba su dame ni kamar wuta ba. Ƙofa ɗaya ce, ƙunci gare ta, yara kuma cike har bakin zana. Duk malamin ƙasar nan ya ji abin da wuta ta taɓa yi a irin waɗannan azuzuwa a wasu garuruwa. Na kori masu tuyar ƙosai daga bakin lakwal zuwa can gindin wata tsamiya, suka yi ta fushi da ni. Na hana mushen aji huɗu, wato malaminsu, shan taba ko a bayan makaranta. Duk da haka in na ji ƙaurin hayaƙi daga wajen garake, lambunan bakin tafki, sai na ajiye alli na fita na duba. Shi ya sa ranar da aka zo auna filin sabon gini, na koma ɗakina na yi nafila raka'a biyu.

Sai da motar siminti ta fara zuwa na san wanda aka ba aikin. Kawuna ne, wan mahaifiyata. Ina aji uku mahaifinmu ya rasu, Kawu ya kwashe mu, ni da Inna da ƙannena, ya kai mu gidansa na cikin Birni a Damagaram, ya ba mu sashe guda. Da dangi suka ce karatun nan nawa ya isa haka, in zauna in taya Inna sana'a, shi kaɗai ya ce a ƙyale ni. A bayan motonsa, wato babur ɗinsa, ya kai ni wurin jarrabawa, ya zauna a rana yana jira har na fito. Ranar da aka ba ni takardar malanta, a gaban baƙi ya ce ni ce ɗiyarsa ta fari, alhali ƴaƴan cikinsa suna zaune.

Sau biyu ya zo ganin aikin. Duk zuwan da kayan shayi da buhun shinkafa ya zo mini, ya zagaya ginin sau ɗaya, ya yi magana da shugaban ma'aikatansa, ya koma. Gini kuwa sai tashi yake kamar ana jan sa da igiya. Kafin tsakiyar bazara an rufa kwano, an shafa fenti ruwan ƙwai, ƙofofi da tagogi kore shar. Yara in an tashi shan iska sai su je su manna fuska jikin taga suna leƙen ciki, suna gardamar wane aji za a ba kowa.

Akwai wani tsohon magini a ƙauyen, shi ya gina masallacin Juma'ar garin. An ɗauke shi aikin da farko, amma mako uku ya yi ya daina zuwa, aka ce ciwon baya ne. Wata ranar Laraba bayan la'asar, yara sun watse, ina rufe biro, wato ofishina, sai ga shi ya yi sallama. Muka gaisa, ya tambayi mutanen Damagaram.

"Madam, in ba ki gaji ba, ki zo in nuna miki wani abu."

Ya kai ni bayan sabon ginin, wajen ajin tsakiya. Ya zaro ƙusa daga aljihu ya kankare fenti kamar faɗin tafin hannu. A ƙarƙashi akwai wani sabon shafe, launinsa dabam da sauran. Ya ɓanɓare shi. Sai ga tsaga, siririya, ta taso daga kusurwar taga ta nufi sama a karkace. Ya soka ƙusar jikin bulo ya murɗa, bulon ya zubo kamar garin rogo.

"Baba, mene ne wannan?"

"Yashi ne ya yi yawa, siminti ya yi kaɗan. Ruwan da aka kwaɓa da shi kuma na gefen tafki ne, mai kanwa. Na ce a ɗebo na rijiya, aka ce ya yi nisa." Ya ɗaga kai ya nuna mini ƙarƙashin kwano. "Wancan dogon ginshiƙin da ya ɗauki rufin, ƙarfe huɗu ya kamata a sa masa. Da idona na ga an sa biyu. Ran nan na ɗauki cebur ɗina na tafi gida. Bayana lafiyarsa lau."

Na ce, "Zai faɗi ke nan?"

"Wannan sai Allah. Yana iya shekara ashirin yana tsaye. Yana iya zuwa ƙasa da ruwan fari. Ni dai na faɗa miki, na sauke. Na san kuma na wane ne aikin, shi ya sa na daɗe ban zo ba."

Bayan tafiyarsa na ɗauko fensir na ja ɗan layi daidai inda tsagar ta tsaya. Kullum da safe kafin yara su zo sai in zagaya in duba. Kwana biyar ba ta motsa ba, har na fara cewa tsohon tsoro ne ya yi masa yawa. A rana ta shida na tarar ta wuce layina da kamar gaɓar yatsa. Na ja wani layin. Bayan mako guda ta wuce shi ma. Ban gaya wa kowa ba, ko malamaina. Ina koyar da lissafi a cikin rumfa, amma hankalina yana bayan wancan bango.

Ranar Asabar na hau motar kasuwa na tafi Damagaram. Na tarar da Kawu a zaurensa, ya dawo daga jana'iza, yana cire hula. Na durƙusa na gaishe shi, ya sa aka kawo mini ruwa, ya tambayi zafin ƙauye. Na rasa ta inda zan fara, sai kawai na buɗe salula na nuna masa hoton tsagar.

Ya daɗe yana kallo. Ya miƙo mini wayar.

"Sabon gini ne, ɗiyata. Kowane sabon gini sai ya zauna. In ya zauna sai a toshe a shafe."

"Kawu, bulon yana zuba. Kuma an ce ƙarfen ginshiƙin biyu ne."

"Wa ya ce?"

Na mayar da wayar cikin jakata.

"Wannan tsohon ne ko? Wanda aka sallama?" Muryarsa ba ta tashi ba, amma ya daina kallona. "Shekara talatin ina gini a ƙasar nan. Ba a taɓa cewa ginina ya faɗa wa kowa ba. Mai duba gini na hukuma ya zo ya gani, ya sa hannu. Mai gari zai sa. Shugaban iyayen yara zai sa. Saura ke."

"In da za a kawo wani ya sake dubawa, Kawu. Ko a fasa gefen ginshiƙin kaɗan a ga ƙarfen."

"Kin san abin da kike faɗa kuwa? Ranar da aka ji ɗiyata ta cikin gida ta ƙi karɓar aikina, wa zai sake ba ni ko ginin makewayi? Mutum nawa ke ci a gidan nan?" Ya ɗauki carbinsa. "Ban taɓa roƙon ki komai ba. Yau ma ba roƙo nake ba. Ki je ki gaida uwarki."

Inna ta riga ta ji, don zauren ba shi da nisa da sashenta. Tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. Ta ce da ni cikin Barbarci, harshen da take komawa in magana ta yi nauyi, wai in tuna ranar da muka shigo gidan nan da tabarma ɗaya. Na ce na tuna. Ta ce, "To." Ba ta ƙara ba har na kwana na tafi.

Ranar Talata sai ga ansifekta, mai kula da makarantun yankinmu, da takardar karɓar gini a cikin jaka. Mutum ne mai fara'a, ya taɓa koyar da ni. Ya zauna a kujerar birona ya shimfiɗa takardar, ya ce an sa ranar buɗewa nan da kwana goma, manya za su zo daga Damagaram, da wakilan ƙungiyar da ta ba da kuɗin ginin. Na ce ina so ya ga wani abu tukuna. Muka zagaya baya. Ya ga tsagar da layukan fensir ɗina guda uku, ya taɓa bulon, ya goge yatsansa da hankici.

"Madam, ke malama ce. Gini ba fanninki ba ne. Wanda fanninsa ne ya ce lafiya."

"Mushe, in lafiya ne, me sa hannuna zai ƙara?"

"Ƙa'ida ce kawai." Ya rage murya. "Bari in gaya miki abin da ba a rubuta ba. Mutanen nan suna da niyyar gina wa wasu ƙauyuka huɗu na nan kusa. In suka ji an yi rikici a kan na farko, za su ɗauke aikin su kai wata jiha. Yaran can za su ci gaba da zama cikin kara. In wuta ta tashi a ɗaya daga cikinsu fa? Kin yi wannan tunanin?"

Na yi wannan tunanin. Shi ne ma ya hana ni cin abinci kwana biyu. Na ce masa ya ba ni zuwa gobe. Ya bar takardar ya tafi. Washegari na rubuta wasiƙa, na faɗi abin da na gani da abin da aka gaya mini ba tare da na ambaci magini ba, na roƙi a turo wani ya sake duba ginin, na ce har zuwa lokacin ba zan sa yaro ko ɗaya a ciki ba. Na haɗa da takardarsa babu sa hannu na aika masa. Na sayo kwaɗo uku a kasuwar Gidimuni na rufe ƙofofin, na ɗaure mabuɗan a bakin zanena.

Aka ɗage bikin. Ba a turo kowa ba.

Mai gari ya kira taro a ƙofar gidansa. Maza suna gaba a kan tabarmi, mata a tsaye daga baya, ni kuma aka ajiye mini kujera a tsakiya kamar mai jiran hukunci. Na yi bayani iyakar iyawata. Na duba ko zan ga tsohon magini, ba ya nan. Wani manomi mai ƴaƴa uku a lakwal ya miƙe.

"Shekara nawa muna saran kara muna kafa muku rumfa? Yau Allah ya kawo mana gini, kin sa kwaɗo. Ƴaƴanmu suna cikin abin da ashana ɗaya za ta cinye, ke kuma kina gadin ɗaki babu kowa."

Mai gari ya ɗaga hannu aka yi shiru. Dattijo ne mai sanyin magana. Ya ce, "Madam, tambaya biyu zan yi miki. Za ki iya rantsuwa ginin nan zai faɗi?"

"Ba zan iya ba, ranka ya daɗe."

"Za ki iya rantsuwa rumfar nan ba za ta cuci yaro ba?"

"Ba zan iya ba."

"To a kan me muke?"

Na ce, "A kan abin da idona ya gani. In wuta ta tashi a rumfa, mai yiwuwa a yaga zana a fita. In ginshiƙi ya sauko, ba wanda zai fita. Muddin ni ke riƙe da lakwal ɗin nan, mabuɗi yana hannuna. In an cire ni, wanda ya zo ya yi yadda ya gani."

Mutane suka fara tashi ɗaya-ɗaya suna kakkaɓe riguna.

Daga ranar garin ya canza mini. Matar da take kawo mini nono kowace safiya ta daina biyowa ta ƙofata. In na wuce majalisa na yi sallama, sai mutum ɗaya ya amsa a madadin kowa. Aka fara cewa rigimar gado ce tsakanina da Kawu na kawo musu lakwal. Wasu suka ce so nake a ba ni wani abu. Na kira Kawu sau uku, wayar tana shiga ba a ɗauka. Na mayar da ƙananan yara cikin tsofaffin azuzuwa biyu na gini, aji uku da aji huɗu da nawa muka zauna a rumfuna. Na sa aka ƙara wa kowace rumfa ƙofa ta biyu, aka ajiye tulun ruwa da bokitin yashi a bakin kowace. Iyakar dabarata ke nan.

Mushen aji huɗu, wanda shi ne mataimakina, ya same ni wata rana a biro. Yaro ne mai hankali, ba shi da mugunta. Ya ce, "Madam, ki ba ni mabuɗin. Ki ce kin tafi Damagaram ganin likita, ni na buɗe ba da saninki ba. In wani abu ya faru, laifina ne. In bai faru ba, kin huta, kin shirya da kawunki."

Wallahi sai da na kai hannu bakin zanena. Na ce masa, "In ya faɗo a kansu, laifin wa zai dame ni a ranar?" Ya ɗaga kafaɗa ya fita.

Zafi ya kai inda ya kai. Kowace rana bayan azahar hadari yana haɗuwa a gabas, ya yi baƙi, ya yi ta gunaguni daga nesa, sannan ya watse ba ɗigo. Iska ta tsaya cak, ganyen dabino ko motsi ba ya yi. Karan rumfunan ya bushe har in yaro ya jingina sai ka ji yana karyewa. Gara ta ci gindin dirkoki, na sa aka tokare biyu da itace. Tsagar kuwa ta kai layi na biyar, ta kusa taɓa ginshiƙin. Saura mako uku a yi hutu. Kullum addu'ata ita ce ruwa ya jira mu.

Bai jira ba. Ranar wata Litinin, muna karatun yamma, na ga hasken da ke shigowa ta ramukan zana ya koma ja. Na leƙa waje. Gabas gaba ɗaya ta tashi, ja a ƙasa, baƙi a sama, tana tahowa da sauri irin wanda ban taɓa gani ba. Awaki suna gudu suna shiga gari. Na san ba a fi minti kaɗan ba. Sallamar yara ba ta yiwuwa, da yawansu daga ƙauyukan gefe suke, sai sun ratsa fili. Tsofaffin azuzuwan biyu kuma sun riga sun cika da ƙanana.

Mushen aji huɗu ya fito a guje, rigarsa tana kaɗawa. "Madam, ki buɗe! Don Allah ki buɗe!"

Sabon ginin yana nan gabanmu, taku ashirin, ƙofofinsa kore. Na kwance mabuɗan, suna cikin tafin hannuna. Na dubi ginin, na dubi sama. Abin da na gani a raina shi ne iskar nan ta shiga ƙarƙashin kwanon ta ɗaga shi, ginshiƙin ya biyo baya, yara sama da ɗari a ƙasa. Na ce, "A'a. Kowa tsohon gini. A cusa su ko a tsaye."

Muka fara kwashe su. Ajina suka fita da kansu, manya ne. Na aji huɗu suka bi malaminsu. Malamar aji uku tana tsaye a ƙofar rumfarta tana fitar da nata biyu-biyu lokacin da iskar ta iso. Ban ga komai ba, yashi ya rufe mini ido. Na ji ƙara kamar an yaga babban zane, sannan wani abu mai nauyi ya bugi ƙasa, sannan kukan yara. Da na iya buɗe ido, rumfar aji uku ba ta nan. Zanar ta yi sama ta tafi, azarar tsakiya ta sauko.

Yara huɗu ne suka rage a ciki. Uku sun rarrafo da ƙujewa. Ta huɗun yarinya ce ƴar shekara tara, mai zama a layin baya saboda tsawonta. Azarar ta danne mata kafaɗar dama. Ba ta yi kuka ba, idonta a buɗe, tana kallona. Mu uku muka ɗaga itacen, ruwa yana dukanmu kamar da tsakuwa. Na ɗauke ta na kai ta biro na kwantar a kan teburina. Hannun yana lilo ta inda bai kamata ba.

Sai da ruwa ya tsagaita aka samu amalanke aka kai ta gidan likita na Gidimuni, daga can aka wuce da ita Damagaram. Da gari ya waye na zagaya bayan sabon ginin. Kwano ko ɗaya bai ɗaga ba. Tsagar tana nan daidai kan layi na biyar, ko gashin kai ba ta ƙara ba. Na tsaya a cikin laka ina kallonta, ban san tsawon lokacin da na yi ba.

Kwana biyu bayan haka na je duba yarinyar. An ɗaure ta daga wuya zuwa ƙugu, tana barci. Uwarta tana zaune a ƙasa kusa da gadon. Na gaishe ta, na ajiye ledar lemo da na zo da ita. Ta amsa gaisuwar, ta yi mini godiya. Da na tashi tafiya ta rako ni bakin ƙofa, ta ce a hankali, "Madam, an ce mabuɗin yana hannunki." Na ce haka ne. Ta gyaɗa kai ta koma ciki.

Ba a kai ni gaban shari'a ba. An kira ni an yi mini tambayoyi, na amsa, aka rubuta. Cikin hutun damina takarda ta zo, an mayar da ni wani biro a Damagaram inda aikina shi ne jera takardun malamai a kabad. Mataimakina ya zama shugaba. Ya sa hannu, aka yi biki, da aka koma karatu yara suka shiga sababbin azuzuwa. Ban riƙe shi a raina ba. Daga baya na ji an gina wa biyu daga cikin ƙauyukan nan huɗu nasu, wani ne dabam ya yi aikin.

Kawu ya fi shekara bai yi mini magana ba. In na shiga gaida Inna, na durƙusa a zaure, sai ya amsa da kai. Amma tsohon magini, da muka haɗu wata rana a tasha, ya gaya mini cewa kafin a yi bikin, cikin hutu, wasu ma'aikata sun zo da mota ba sanarwa, sun kafa ginshiƙai biyu na tsaye a cikin ajin tsakiya, sun toshe tsagar, sun sake fenti. Na tambaye shi ko hakan ya wadatar. Ya ce ya rage. Sauran azuzuwan biyu ba a taɓa su ba, kuma bulon dai shi ne. Kawu bai taɓa ambata mini wannan aikin ba, ni ma ban taɓa nuna masa na sani ba. Yanzu muna gaisawa, yana tambayar yarana, amma bai sake ce mini ɗiyata ba.

Shekara huɗu bayan haka, ina tsaye bakin hanya kusa da wani kolej ina jiran kabu-kabu, wata budurwa cikin kayan makaranta ta tsallako ta durƙusa ta gaishe ni. Sai da ta ɗago na gane ta. Ta ci jarrabawa, tana zaune wurin gwaggonta a cikin gari. Kafaɗar daman ta ɗan sauka ƙasa da ta hagu, hannun ba ya ɗaguwa sama da ƙirji. Ta ce ta koyi rubutu da hagu, yanzu har ta fi da sauri. Muka koma inuwar wani shago na saya mata ruwan sanyi. Ta ba ni labarin garin, wanda ya rasu da wanda ya yi aure, da yadda tafkin ya cika bara har ya ci garake.

Can ta juya ledar ruwan a hannunta. Ta ce, "Madam, in tambaye ki? Ran nan, me ya sa ba ki buɗe ba?"

Ba wanda ya taɓa yi mini tambayar kai tsaye haka. Na gaya mata duka, tsagar, da bulon da ke zuba, da ƙarfe biyu a maimakon huɗu, da abin da na ji tsoro lokacin da na ga iskar. Na ce mata har yau ban san ko daidai na yi ba, kuma ita ce ta ɗauki nauyin abin da na zaɓa, ina roƙon ta gafara.

Ta ce ba komai, Allah ya riga ya rubuta. Sannan ta tambaye ni wane aji ne aka ƙara wa ginshiƙai. Na ce na tsakiya.

"Na gefen fa, mai kallon masallaci?"

"Ba a taɓa shi ba, a iya sanina."

Aka buga ƙararrawa a cikin kolej ɗin, ta miƙe, ta rataya jakarta a kafaɗar hagu.

"Ƙannena biyu a can suke bana," in ji ta. Ta yi mini sallama ta tsallaka hanya.